Wai ƙafar kalmasa ma sai an cuci tela a kanta?

Shekarata 19 ina taka keken ɗinki, amma ban taɓa jin takaicin ƙarfe irin na makon jiya ba. Ƙarfen ma da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ƙafar kalmasa nake nufi, 'yar ƙafar nan mai murɗaɗɗen baki kamar dodon koɗi, wadda ake ɗaura wa keke ta riƙa naɗe bakin yadi da kanta allura tana bi. Ita ta ci min mayafin amarya, ta karya min allura, ta sa na tsaya gaban uwar amarya kaina a sunkuye kamar wanda aka kama da kayan sata.

Wata Hajiya ce, tsohuwar kwastomata, ta yanko shifon a Kantin Kwari ta kawo in kalmashe mata mayafai shida na bikin 'yarta. A ranar kuma ina da hijabai 80 na wata Islamiyya da za su yi sauka, kowanne ana son a bi zagayen fuskarsa da bayas, wato tsirin ƙyalle da ake rufe bakin yadi da shi. Duk wanda ya taɓa riƙe shifon ya san halinsa: santsi kamar tarwaɗa, ka naɗe nan ya warware can. Da hannu mayafi ɗaya sai ya cinye maka rabin wuni. Tsohuwar ƙafata kuwa bakinta ya buɗe don tsufa, ta daina riƙe naɗi. Na rufe shago na hau adaidaita sahu na nufi kasuwa wajen masu kayan keke.

Na yi sallama na ce wa yaron shagon ina son ƙafar kalmasa mai milimita 3, ta keken indastiriyal. Ya jawo wata roba cike da ƙarafa a cakuɗe kamar ta mai sayar da kusoshi, ya tsamo ɗaya ya miƙo min.

Na ce, "Samari, ka tabbata ta indastiriyal ce?"

Ya ce, "Haba Malam, ai duk ɗaya ne. Kowane keke tana hawa."

Wannan kalma ta "duk ɗaya ne" ita ce ta kashe mu a sana'ar nan. Ba ɗaya ba ne, wallahi ba ɗaya ba ne! Baƙin keken gida irin Butterfly da tsofaffin Singer gajeren wuyan ƙafa gare su. Keken indastiriyal irin Juki da Jack da Brother dogon wuya gare su. Sababbin kekunan gida masu lantarki da yawansu ƙafar maƙalawa ake yi, ka danna ta faɗo, ba sai ka kwance sukuru ba. Akwai ma wasu tsofaffin Singer da sandar ƙafarsu a karkace take, ba ƙafar da za ta hau su sai tasu. Hatta allura ba ɗaya ba ce: ta keken gida gindinta shafaffe ne ta gefe guda, ta indastiriyal gindinta zagayayye ne. Mutumin da bai san wannan ba shi aka zaunar a shago yana sayar wa teloli kayan aiki. Da safe ƙila a shagon takalma yake, da yamma ya zama masanin keken ɗinki.

Na duba da kaina na ga wuyan dogo ne, na biya na taho. Laifina ɗaya, kuma na amsa shi: ban gwada a ƙyalle mai tsawo ba. Na gwada a ɗan guntu kamar taƙi ɗaya, na ga ta naɗe, na ce bismillah na ɗora mayafin Hajiya. Keken indastiriyal ba ya jiran kowa. Juki DDL-8700 irin nawa, in ka sake masa ƙafa, yana iya ɗinki 5,500 a minti ɗaya. Kafin in ankara na ji ƙas! Allura ta daki ƙafar ta karye, guntunta ya yi tsalle ya wuce ta gefen idon yarona. Allah ne ya kiyaye. Ashe ramin da allura ke shiga a jikin ƙafar a goce yake, ba a huda shi a tsakiya ba. A hankali allurar tana gogar gefe ta wuce, da gudu kuwa sai ta daka.

Na sa wata allurar, na ɗan karkata ƙafar na ɗaure, na ci gaba a hankali. Sai da na kai ƙarshen gefe ɗaya na ɗaga mayafin a haske, gabana ya faɗi. Tun daga sama har ƙasa zare ya tsinke ya ja layi layi, kamar kyanwa ta bi shi da farce. Na cire ƙafar na zura tsinken ashana cikin murɗin, na ji ƙaiƙayi. Cikin ƙarfen ba a goge shi ba. Waje yana ƙyalli kamar azurfa, ciki kuwa kaifi ne irin na bakin gwangwanin madara. Atamfa ko shadda ƙila su jure, shifon ba zai jure ba.

Washegari na koma da ƙafar a aljihu da mayafin a leda. Na tarar da mai shagon da kansa. Na gaishe shi da ladabi, don ya girme ni, na shimfiɗa masa mayafin a kan kanta.

Na ce, "Alhaji, dubi aikin ƙafar da yaronka ya ba ni jiya."

Ya kalla sama sama ya ce, "Ayya, Allah ya mayar da alheri. Amma Malam ka san kaya in ya fita ya fita. Mu ma haka muke sarowa."

Na ce, "To a canza min da mai kyau, in ciko kuɗi."

Ya ce, "Ai wannan ita ce orijina. Dubi suna a jiki."

Suna a jiki! Kamar buga suna a ƙarfe wani aiki ne. Ƙafa uku na ɗauka daga robar nan na jera masa, duka an buga musu sunan babban kamfani ɗaya da lamba ɗaya, amma bakin ɗaya ya fi na ɗaya faɗi, ta ukun ma a karkace take ido na gani. Na tambaye shi wacce ce orijinar a ciki. Sai ya juya yana amsa waya. Wai shi ke nan an sallame ni.

Ba a nan ta tsaya ba, don akwai na bayas. Wanda bai san aikin ba, ƙarfe ne mai kamar mazurari da ake ɗaurewa a kan gadon keke da sukuru biyu, a dama da allura. Ka zura masa tsirin ƙyalle da aka yanka a karkace, shi zai naɗe gefe biyun ciki, ya ninka shi ya rungumi bakin yadi, allura ta ɗinke sama da ƙasa a bugu ɗaya. In ka sami mai kyau, zagayen fuskar hijabi 80 aikin yini ɗaya ne har ka sha shayi. Amma yana da lissafi. Faɗin tsirin da zai shiga kusan ninki huɗu ne na faɗin da zai fito, don haka in ƙarfen ya ce ka ba shi milimita 36, ka yanka 30, gefe ɗaya zai kuɓuce. Ka yanka 40, zai cushe ya yi tattara. Kuma yankan dole ya zama a karkace sosai, daga kusurwa zuwa kusurwa, shi ne zai ba ƙyallen damar miƙewa ya bi lanƙwasa ba tare da ya yamutse ba.

To wanda aka sayar min, lambar da ke jikinsa daban, ainihin faɗin bakinsa daban. Ni kuma na yarda da rubutu, na sa yarona ya wuni yana yanka tsiri da almakashi a kan wannan awon, yadi uku cur. Muka zura, ƙarfe ya ƙi haɗiya. Na ɗauko tef na auna bakin, ya gaza abin da aka rubuta da kusan milimita 4. Ramin sukurun ma sai da na kai wa mai walda ya faɗaɗa shi kafin bakin ya zo daidai da allura. Kayan da ka saya don ya rage maka wahala, kai ne za ka dawo kana yi masa jinya.

Ga kuma rikicin inci da milimita. Mu nan da inci muka tashi, tef ɗinmu inci muke karantawa, awon kwastoma da inci muke rubutawa. Kayan nan kuwa wani an rubuta masa 1/8, wani 3, wani 6, wani 1/4, wani ba komai a jikinsa. 1/8 na inci shi ne kusan milimita 3, 1/4 kuma kusan 6. Wannan ɗan bayanin da bai fi numfashi ɗaya ba, ka zaga layin masu kayan keke ka ga mutum nawa za su iya yi maka shi. Ka ce ƙaramar kalmasa, a ba ka abin da hannu ya fara taɓawa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san yadda abin yake a da. Maigidana da ya koya min ɗinki, Allah ya jiƙansa, yana da tsohon Singer da ya gada. Keken da akwatinsa na ƙafafu ya zo: ta kalmasa, ta bayas, ta tattara, ta jera ninki, kowacce da gurbinta, ga ɗan littafi mai zane yana nuna yadda ake ɗaura kowacce. Ba sabon abu ba ne. Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka tun 1851, kuma kafin ƙarnin ya ƙare kamfanin yana haɗa wa mai saye akwatin katako mai naɗewa cike da irin waɗannan ƙafafu. Ƙafar maigidana ta girme ni nesa ba kusa ba, amma ka zura mata siliki ya fito sumul. Yau muna da wayar da ke nuna mana Makka kai tsaye, amma an kasa kawo mana ƙarfe ɗan yatsa da aka goge cikinsa.

Kada wani ya ce min araha ba ta ado. Wace arahar? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, komai na keke ya tashi: allura, zare, man keke, bel, kwarkwaro. Ka yi magana a ce maka dala. Na yarda, dala ta hau. Amma dala ce ta hana a goge cikin ƙarfe? Dala ce ta hana mai shago ya ware mai kyau gefe, ya ware na banza gefe, ya ce wannan kaza wancan kaza, zaɓi ya rage naka? Masu kyau suna nan a duniya, ana yin su a Japan da Taiwan, a Chainar ma akwai masu kyau ƙwarai. Ɗan kasuwarmu ne ke zuwa ya zaɓo na ƙarshen layi, ya zo ya sayar a kuɗin na farko. Ni a shirye nake in biya ninki biyu in dai abin zai yi aiki. Abin da na ƙi shi ne in biya kuɗin doki a ba ni jaki a ce in dubi suna a jiki.

Masu tallar intanet kuwa kada ma a fara. Za ka ga bidiyo a Facebook ko TikTok, hannu fari tas yana zura yadi, kalmasa na fitowa kamar an zana da rula. Ka tura kuɗi, a aiko maka a mota, ka buɗe ka tarar da jerin ƙafafun keken gida masu maƙalawa, alhali ka rubuta musu indastiriyal har sau biyu. Ka kira, waya a kashe. Wani abokin aikina a layinmu har yanzu nasa suna cikin durowa, ko ɗaya ba ta hau kekensa ba.

Kuma wa ake zagi a ƙarshe? Tela. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gari duk an haddace cewa tela maƙaryaci ne, tela ba ya cika alkawari, ana yi mana barkwanci duk jajibirin Sallah. Ban ce ba mu da namu halin ba, akwai masu karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfinsu, na sani. Amma ba wanda ke tambayar wutar da aka ɗauke tun azahar, ko man janareta, ko ƙarfen da ya yaga yadi. Hajiya ba ta san wata ƙafar kalmasa ba, kuma ba ruwanta da ita. Ni ta ba wa kayanta. Da na nuna mata, ta daɗe tana kallon mayafin, sannan ta ce, "Malam, shekara nawa muna tare, yau kuma a kan bikin 'yata?" Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na shiga Kwari da kaina na zaga layi layi neman irin launin, na samu wanda ya yi kusa, na biya daga aljihuna.

Abin da nake nema wajen masu shagunan nan bai taka kara ya karya ba. Ku ajiye kan keke guda biyu a shago, na gida ɗaya, indastiriyal ɗaya, da ƙyallaye a gefe. Mai saye ya ɗaura ya gwada a gabanku kafin ya biya. Mai sayar da kwan fitila yana gwada maka ya kawo haske kafin ka tafi. Mai kankana yana yanka maka ka ga ja. Mai sayar da waya yana kunna ta. Sai kayan da abincin mutum da mutuncinsa ke rataye a kai ne za a tsamo daga roba a ce duk ɗaya ne? Ƙungiyoyinmu na teloli kuma, da ake tara mu ana karɓar kuɗin kati, ga aiki nan ya same ku. Ku je ku zauna da 'yan kasuwar nan a kan maganar canji, ko ku nemo mana mai kawo na gaskiya mu riƙa saye a dunƙule.

Ban ma faɗi na bakanike ba. Bayan karyewar allurar nan keken ya fara tsallake, ya ɗinka uku ya bar ɗaya. Mai gyara ya zo ya buɗe ƙasa, ya ce bakin ƙugiyar da ke ɗaukar zare ya sami tabo, taimin, wato daidaiton haɗuwar ƙugiyar da allura, kuma ya goce. Ya goge, ya saita, ya karɓi kuɗin da ya ninka na ƙafar sau huɗu. Da zai tafi ya ɗauki ƙafar ya jujjuya ta, ya yi dariya ya ce wannan ta biyar ke nan da ya gani a watan nan.

Sauran mayafai biyar ɗin da hannu na naɗe su, ni da yarona, da fitilar waya a baki saboda an ɗauke wuta, har aka kira assalatu. Hijaban Islamiyya saura 31, sauka kuma ranar Asabar ce.