Jirgin da ke cin awa 18 a sama, mai ɗaukar kaya ma na iya kwantar da shi

Duk shekara labarin ɗaya ne, da hutun Kirsimeti ko na bazara ya ƙarato a Turai sai ka ji ma'aikatan filin jirgi sun tsunduma yajin aiki, fasinjoji sun kwana a kan tayil, a hau Facebook ana ta tsine wa 'yan ƙwadago wai ba su da imani, me ya sa sai yanzu. To da yaushe za su yi? Mai rago ma ai sai jajiberin layya yake ɗaga kai, wa zai ajiye aiki ranar da babu mai nemansa.

A Disamban 2022 jami'an duba fasfo na Birtaniya sun ajiye aiki daga ranar 23 har 31 ga wata, ranar 27 kawai suka tsallake, a Heathrow da Gatwick da Manchester da wasu filayen, har sai da gwamnati ta kwaso sojoji ta zaunar da su suna duba fasfo. Ƙarin albashi na kashi 10 suke nema a lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 11. Abun da ake mantawa shi ne tun kafin wannan yajin, a watan Yuli, Heathrow ta ƙayyade fasinja dubu 100 kacal za su riƙa tashi a rana, kuma ba wanda ya yi yaji, ma'aikata ne babu. An sallame su lokacin korona, da kasuwa ta dawo aka neme su aka tarar sun kama wata sana'ar. Wannan laifin wa?

Akwai masu cewa jirage masu dogon zango za su raba mu da wannan wahala, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Singapore Airlines na tashi daga Singafo zuwa New York ba ya da zango, sama da kilomita dubu 15, wajen awa 18. Ga A321XLR na Airbus, ɗan siririn jirgi mai layi ɗaya a tsakiya amma yana cin kilomita 8,700, Iberia ta fara sa shi a hanyar Madrid zuwa Boston a Nuwamban 2024. Irinsa zai iya ɗauko mutum daga Kano ya dire shi London ba sai ya bi ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Istanbul ba, kuma duk zangon da ka rage ka rage wurin da za a iya maƙale ka. Wanda ya taɓa yin awa goma a kan benci yana gadin jaka ya san daɗin wannan.

Sai dai fa tankin mai ba ya maganin sararin sama. Ranar 3 da 4 ga Yulin 2025 masu ba jirage hanya na Faransa suka yi yaji, aka soke har jiragen da ba su da niyyar sauka Faransa, wucewa kawai za su yi ta sama. Mu ma mun ɗanɗana a Satumban 2022 da ma'aikatan ASECNA, hukumar da ke ba jirage hanya a ƙasashen Afirka da dama, suka ajiye aiki, daga Yamai har Dakar abubuwa suka cakuɗe. Inda dogon zango ya yi rana shi ne Agustan 2023 da Nijar ta rufe samaniyarta bayan juyin mulki, ga Sudan a rufe, jirage suka koma zagaye mai nisa, mai ƙarfin tanki ya wuce, wasu kuwa sai sun sauka shan mai.

Na taɓa yin wuni guda a wani filin jirgi cikin hunturu, an ce hazo, can an ce ba hazo ba ne masu lodin kaya ne suka ƙi aiki, ba wanda ya fito ya faɗa mana gaskiya. Wata hajiya kusa da ni ta shimfiɗa mayafinta a kan Ghana-must-go ta yi azahar da la'asar a wurin, daga baya ta kwance ƙilishin da za ta kai wa jikokinta tsaraba ta raba mana, tana cewa ku ci 'ya'yana, in rabonsu ne a sake sayo wani. Ba yajin ne ya fi ƙona min rai ba wallahi, shirun ne.

Shi ya sa tsarin Italiya ya fi kwanta min. Ba su hana yaji ba, amma doka ta ce a sanar tun da wuri, jiragen ƙarfe 7 zuwa 10 na safe da 6 zuwa 9 na dare dole su tashi, sannan akwai ranakun manyan hutu da ba a yin yaji sam. Ma'aikaci ya nuna fushinsa, fasinja ya san inda ya dosa. Tarayyar Turai kuma ta ɗora wa kamfanonin jirage biyan diyyar Yuro 250 zuwa 600 ga fasinjan da aka soke jirginsa ko aka yi masa dogon jinkiri, kotunta ta yanke a 2021 cewa in ma'aikatan kamfanin jirgin ne da kansu suka yi yajin, kamfani ba zai fake da shi ya ƙi biya ba. Da zarar jinkiri ya fara taɓa aljihun kamfani za ka ga an kira zama da wuri.

A nan gida kam sai an rufe get ake tuna akwai yarjejeniya. Afrilun 2025 ma'aikatan hasashen yanayi na NiMet suka yi yaji, Air Peace ta ajiye jiragenta ta ce ba za ta tashi ba tare da rahoton yanayi ba, cikin 'yan kwanaki ministan jiragen sama Festus Keyamo ya zauna da su aka janye. Teburin da aka zauna a kai yana nan tun kafin a soke tikitin mutum ɗaya.