"Ai an ɗauke wuta" ba dalilin kama waya ba ne

Masu aikin wuta, manya da yaran shago, wannan jimlar ta "ai NEPA ta ɗauke, hau kawai" ita ce nake so mu yi wa jana'iza. Layin da kamfani ya ɗauke wa wuta bai mutu ba, barci yake yi. Wutar kan dawo ba sallama, kuma ba daga kamfani kaɗai take zuwa ba.

Mutum ne zai tayar da janareta a gidansa babu canjoba (makunnin da ke raba wutar janareta da ta kamfani), ya soka filogi a soket, bai kashe babban makunni ba. Wutarsa ta bi ta mita ta hau falwaya. Taransfoma kuwa ba ya tambayar ta ina wuta ta shigo: yadda yake sauke bolt 11,000 zuwa 415, haka yake ɗaga ta in ta zo masa ta baya. Janaretan na iya shaƙewa ya mutu cikin daƙiƙoƙi, amma wanda ke riƙe da waya a sama daƙiƙa ɗaya ta ishe shi. Inbatan da aka haɗa da gaggawa ma haka yake yi, shi ko ƙara ba ya yi balle ka ankara.

Don haka ka kashe makunni da hannunka, ka zare fiyus ɗin katawut, ka sa kwaɗo, makullin ya shiga aljihunka. Kar ka ce yaro ya tsaya gadi; yaro ana aiken sa sayo ruwa. In ku uku ne a kan aikin, kwaɗo uku ne, kowa da nasa.

Sai gwaji, kuma a nan aka fi yin sakaci. Testa mai ɗan ƙwai da muke maƙalawa a aljihu ba abin dogaro ba ce: a tsakar rana ba ka ganin haskenta, in kana kan busasshen tsani da takalmin roba ma tana iya ƙin kamawa alhali wayar cike take. Ɗauki mitar auna bolt, wato multimita. Fara gwada ta a inda ka tabbata akwai wuta, sannan ka auna kowace waya da 'yar uwarta, kowace da wayar ƙasa, sannan ka koma wurin farko ka sake gwada mitar. Mitar da wayarta ta tsinke a ciki, sifili za ta nuna maka har a kan wuta.

A babban layi, bayan gwaji sai a ɗaura wayar ƙasa gaba da bayan wurin aiki. Ƙasa ake fara maƙalawa kafin layi, wajen cirewa kuma ita ce ta ƙarshe.

Masu sola, kafasiton inbata, ɗan abin da ke tara caji a cikinsa, na riƙe wuta bayan an kashe shi. Jira mintunan da aka rubuta a jikinsa, galibi kamar 5, ka auna tukuna. Farantin sola kuwa muddin akwai haske yana aiki, kuma tartsatsin wutarsa ba ya mutuwa da sauƙi, don haka ba a zare mahaɗinsa yana ɗauke da lodi. Cire zobe da agogo kafin ka kusanci batir, sifanar ma ka naɗe ta da tef.

Ogannin da ke cewa duk wannan ɓata lokaci ne, su tuna wuta mai ƙarfin miliamp 30 kacal in ta ratsa ƙirji ta isa ta rikita bugun zuciya. Ƙwan wat 60 da ke rataye a shagonsu yana jan fiye da ninki 8 na wannan.