Ba Damtse Ke Kai Ƙwallon Besbol Nesa Ba

Mutane da yawa in sun ga ɗan wasan besbol (wasan da ake bugun ƙwallo da sanda) a Amurka ko Japan ya cilla ƙwallo bayan katanga, sai su ce ƙarfin damtse ne. Ba haka abin yake ba. Daga ƙasa ƙarfin yake tasowa, hannu isar da shi kawai yake yi.

Kafin a jefo ƙwallo, mai bugu yakan ɗora nauyinsa a kan ƙafar baya, gwiwar na ta ciki, ba ta fita waje ba. Sai ya ɗan taka gaba. Diddigen ƙafar gaba na dira, ƙugu ya soma juyawa, kafaɗu kuwa ba su motsa ba tukuna. Wannan 'yar tazarar ce ke miƙe tsokar ciki da ta baya kamar an ja danƙo. Daga nan ƙirji ya biyo, hannaye su biyo, sanda ta zo a ƙarshe. Lokacin da sanda ta haɗu da ƙwallo, ƙafar gaba ta miƙe ƙyam ta tare jiki, tafiyar gaba ta koma juyi. In gwiwar ta lanƙwashe, ƙarfin ya zube.

Akwai masu koya wa yara murza ƙafar baya kamar ana take kyankyaso. Kuskure ne: ƙugu ke jan ƙafar, ba ita ke juya shi ba. Wanda ya murza da gangan, nauyinsa maƙalewa yake a baya, sandar ta makara. Ƙwallon da aka jefo da gudun kilomita 150 a awa kuwa tana cinye mita 18.44 da ke tsakanin wurin jifa da wurin bugu cikin ƙasa da rabin daƙiƙa.