Tantin alfarma a Merzouga otal ne

Wani labari ya kira tantunan alfarma na Merzouga, wani ƙauye a hamadar Maroko, kwanan daji, alhali da gado, banɗaki da wutar sola a ciki. A ganina wannan otal ne. Mai yada zango na gaskiya shi ke kafa tantinsa. Gajeren turke ba ya kama rairayi, iska na tasowa zai tumɓuke, sai an cika buhu da yashi, a ɗaura masa igiya, a binne shi kamu guda. Ƙofa ta juya wa iska baya. Ruwan sha aƙalla lita 4 ga mutum a yini. Sanyin Janairu da dare yana da tsanani, amma don Allah kada a shigar da garwashi cikin tanti, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.