Kwanon Kano, derikar Legas

Da aka miƙo mini takardar canjin wurin aiki daga Kano zuwa Legas, layi ɗaya idona ya tsaya a kai, inda aka ce an ƙara mini kusan rabin albashina. Ni kuwa a ofis an san ni da lissafi, ko kuɗin walima za a tara ni ake ba takarda. Don haka na sayi littafi mai layi, na tsaga shafi gida biyu, dama Kano, hagu Legas. Hujjata ta farko ma daga gwamnati na samo ta. A ƙarshen 2024 Kano ta sa mafi ƙarancin albashi naira 71,000, Legas ta sa 85,000. Tazarar 14,000 ce, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na ce to, in har gwamnatoci biyu da masanansu sun zauna sun ga tsadar Legas iyakarta ke nan, ni da aka ƙara wa rabi ai sai ajiya. A ƙasan shafin na rubuta "sayen fili", na ja masa layi biyu.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wa ya ba ka farashin Legas ɗin?"

Na ce abokina ne da ke Agege, ya daɗe a can.

"Wannan gwauron? Shi da teburin mai shayi ne kicin ɗinsa?"

Na ce lissafi ba ruwansa da aure. Ta ce Allah Ya sa, ta ci gaba da tankaɗe.

Agege na nufa, don nan ne Bahaushe ba ya baƙunta. Mutanenmu suna wurin tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatai, kana tafe kana jin ana zagin yaro da Kananci tsantsa. Na ɗauka hayar ma da Kananci za a yi ta. A Kano dillali zai zaga da kai unguwa guda a bayan babur, in an daidaita ka ba shi la'ada, ya yi maka addu'a har da ta zuriya. Ejan ɗin Legas kuwa kafin ya ɗaga ƙafa sai da na biya kuɗin gani. Na biya, muka je na gani, abin da na gani bai kai kuɗin ganin ba. Gida na gaba ma haka. Daga ƙarshe muka tsaya a wani ɗaki biyu da falo a bene, babu tsakar gida, babu zaure, in ka buɗe taga sai ka gaisa da bangon maƙwabci. Kuɗinsa ya ninka na gidana na Kano sau uku, gidan da har bishiyar darbejiya gare shi.

Wannan kuɗin haya ne zalla. Sai ejan ya fara jero 'yan rakiya. Kashi goma cikin ɗari nasa. Kashi goma na lauyan da zai rubuta yarjejeniya, lauyan da har yau ban ga ko inuwarsa ba. Sai kuɗin ɓarna, wato a ajiye tun yanzu saboda abin da yarana za su fasa nan gaba, alhali yaran suna Kano ba su san an fara cin su tara ba. Kuma mai gida shekara biyu yake so a dunƙule. Nan na gyara hula, don na yi karatuna kafin in zo. Na ce masa akwai dokar haya ta jihar Legas ta 2011, ta hana a karɓi fiye da shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya. Ya saurare ni da ladabi har na gama, ya ce da turancin buroka, gaskiya ne akwai dokar, kuma akwai mutum huɗu a bayana masu son gidan da ba su karanta ta ba. Da ƙyar wani dattijo a masallaci ya sa baki aka tsaya a shekara ɗaya. Filin nan dai tun ranar aka ci ƙofarsa.

Iyali suka iso, aka shiga kasuwa, kuma a nan ne abokina ya nuna gwaurancinsa. Lokacin da na tambaye shi nawa ake auna shinkafa, farashin da ya faɗa bai kai rabin na Kano ba. Ban yi mamaki ba, na ce ai ga Apapa nan, bakin teku, komai daga nan yake sauka. Har na yi wa uwargida alkawarin shinkafa rana da dare. Muka tsaya gaban wata mai awo, na ce a auna mana biyar, ina wani ɗaga kafaɗa. Sai matar ta ɗauko gwangwanin tumatir. Na zaci da shi za ta riƙa ɗiba tana cika kwano, na tsaya ina jiran kwanon ya fito. Ashe gwangwanin shi ne mudun, derika suke ce masa, sai ka zuba kusan uku kafin kwanon Kano ya cika. Wanda ya fi shi girma kuma robar fenti ce, ta fentin gida sosai, an wanke an mai da ita ma'auni. Uwargida ta karɓi ledar da yatsa biyu, ta ɗaga ta sama tana dubawa, ta ce, "Malam, wannan ta rana ce ko ta daren?"

Na ce mu tafi Mile 12, can ne kayan gwari suke sauka, kuma 'yan uwa ne ke da kasuwar. Haka ne kuwa. Mai tumatirin da na tsaya wurinsa mutumin Kura ne, muka gaisa har ya san unguwar kakannina. Na ji sanyi a raina. Da ya faɗi kuɗin kashi ɗaya sai na ce masa haba ɗan'uwa, wannan fa a 'Yankaba da shi zan cika kwando har a bi ni da gyara. Ya ce, "Yallaɓai, tumatirin nan daga Kadawa ya taso, ya yi kilomita dubu a mota. An sha masa dizal, an biya masa kowane shinge, rabin 'yan uwansa sun ruɓe a hanya. Kai da ka zo daga Kano kyauta aka kawo ka?" Ban da amsa. Ya yi mini gyaran attaruhu ɗaya saboda zumunci.

Kada in zalunci garin mutane, akwai abin da Legas ta fi sauƙi. Manja, garin rogo, agada, kwakwa, abarba, kifi, duk sai ka saya ka ji kamar an yi kuskure wajen canji. Na cika shafin hagu da su ina murna, na kafa dokar cewa daga yau gidan nan teba da miyar kifi. Dokar ba ta yi mako ba. Autarmu ta zauna gaban kwano ta naɗe hannu ta ce ita tuwo take so da miyar kuka. Kukar kuwa a nan ƙulle ta ake yi mitsi-mitsi a leda kamar maganin gargajiya, daddawa ma haka, busasshiyar kuɓewa ma haka. Abin da a Kano maƙwabciya ke miƙo maka ta katanga cikin gwangwani, shi nake tsayawa ciniki a kai da gumi.

Sai zuwa aiki. A Kano babur gare ni, kafin shayi ya huce na isa ofis, da azahar in dawo gida in ci abinci har in ɗan kishingiɗa. A nan ofis yana tsibiri, ni ina Agege. Akwai jirgin ƙasan nan na jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana bi ta Agege, kuma ina yaba masa. Sai dai ba ya kai ni bakin ofis, dole in ƙarasa a danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas. Kuɗin danfo kuma bai da shafi a littafi, don ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na safe daban, na yamma daban, in hadari ya haɗu ya tashi, in ruwa ya sauko ya ninka. A Kano ana ruwa manomi ke murna, a nan kwandasta ne. Wata rana babu canji, kwandastan ya dube ni ya dubi wata mata mai kwandon kifi, ya damƙa mana takardar kuɗi ɗaya ya ce mu je mu raba, shi ya ɗaura mana aure. Mota ta wuce. Na bi matar nan cikin kasuwa, tana gaba ina baya, daga mai lemo zuwa mai kati, ba wanda ya yarda ya canja mana sai an yi sayayya. Ƙarshenta na sayi biskit ɗin da ba na so da kuɗin da ya fi canjin nawa, aka raba auren. Da na ba da labari a gida, uwargida ta ce ita dai a gaya mata in za a kawo amarya ta share falo.

Tunda kuma da asuba nake fita, sai bayan isha'i nake dawowa, karin kumallo da abincin rana duk a waje. Layi biyu ke nan da babu su a shafin Kano. Irin waɗannan layukan suka yi ta haihuwa. Kuɗin kwashe shara. Kuɗin masu gadin layi. Kuɗin famfon gida, wanda ba ya hana a kira mai ruwa in injin ya lalace. Kuɗin yashe masai, da ake raba wa 'yan haya daidai wa daida, har da ni da ba na wuni a gidan.

Wuta ce ta fi ba ni dariya, irin dariyar da ake yi da hawaye. Shekaru ina zagin rashin wuta a Kano. Ejan da zai ba ni gida har bugun ƙirji ya yi, ya ce layinmu Band A ne, awa ashirin a rana. Na ce alhamdu lillahi. Ban kawo a raina cewa tun Afrilun 2024 'yan Band A ke biyan sama da naira 200 kan kowane yunit ba, kuma mitar kati ba ta san uzuri ba. Wuta ta zo ta zauna, ba ta da niyyar tafiya. Yara suka gano firij, uwargida ta gano dutsen guga da tukunyar lantarki. Mita ta riƙa kuka tsakar dare. Yanzu ni ne ke zagaye gida ina kashe soket, kuma ranar da aka ɗauke wuta yara suna tsaki, ni ina hamdala a ɓoye.

Shafin dama ma ashe bai cika ba. Ban rubuta buhun masarar da kawu ke aiko mini daga ƙauye duk kaka ba, don ban taɓa biya ba. Ban rubuta mai shagon layinmu da ke ba ni bashi har ƙarshen wata ba. Ban rubuta Hajiya da ake kai wa yara in uwargida za ta unguwa ba. A madadinsu sai na samu sabon muƙami a dangi: ɗan Legas. Duk wanda zai yi suna, ko aure, ko rufin ɗaki, ni ake fara bugowa, kuma gaisuwar ba ta canjawa: "Yaya, an ji daɗi, an manta da mu."

Da abin ya ishe ni sai na ɓullo da dabara. Tunda kayan Arewa ne ke cinye ni, in sayo daga tushe. Na tura wa ƙanina kuɗi ya shiga Dawanau ya sayi buhun gero, ya haɗa da kuka da daddawa da kuɓewa, aka ɗora a motar gwari mai zuwa Mile 12. A takarda ribar ta kai a yi mata walima. Direba ya kira ni da tsakar dare ya ce sun iso, in zo kafin gari ya waye ko ya wuce da kayana. Na biya kuɗin mota. Na biya 'yan dako. Wasu samari da ban san aikinsu ba suka dafa buhun suka ce kuɗin ƙasa, na biya. Na biya mai keke, na biya wanda ya hau da shi bene. Kafin hantsi labari ya zaga layi cewa geron Dawanau ya sauka gidan Malam, matan maƙwabta suka fara sallama, ana barka da arziki, kowacce da 'yar roba a ƙarƙashin mayafi. Ba a hana maƙwabci. Da na zauna na buga lissafi, abin da na tsira da shi ya sayi burodin Agege ɗaya, shi ma ƙarami.

Sauran geron kuma iskar garin ta ƙi shi. Laimar Legas ba ta barin hatsi ya daɗe, kuka ta dunƙule, gero ya fara wari. Uwargida ta ce kafin ya lalace bari ta yi fura. Ta yi ta gida, ta aika wa maƙwabta ɗanɗano, washegari aka aiko da kuɗi. Daga nan masu gadi, daga nan 'yan kasuwar layi, har wata Bayarabiya a benen ƙasa da ke saya wa mijinta. Yanzu firij ɗin da nake saya wa wuta cike yake da fura da yogot, kuma ita ke aika wa ƙanina kuɗin gero da kanta, ta samu direban da ke kawo mata har ƙofa.

Ran Asabar na dawo a gajiye na ce a dama mini fura. Ta kawo da sanyinta, da kwakwa a sama, na shanye, sai ta miƙo hannu. Na ce me? Ta faɗi kuɗi. Na ce haba, ai da gerona aka kafa sana'ar nan. Ta ce geron da maƙwabta suka raba? Nata daban ne, tana da rasit. Na ce to ko dai za a karɓa, a yi mini farashin Kano.

Ta ce, "Malam, motar Kano tana tashi da yamma. In haɗa maka kaya?"