Yadda Na Zama Dokta Ban Taka Jirgi Ba

Maki 214 na ci a jarrabawar JAMB ta 2022. A ƙauyenmu, can tsakanin Gumel da Maigatari, wannan maki ne da ake yanka wa kaza. Amma mai neman likitanci a Jami'ar Bayero ko ta Tarayya da ke Dutse, da shi ko bakin ƙofa ba zai kai ba, don dubban yara ke rububin kujeru 'yan kaɗan. Abin bai tayar min da hankali sosai ba, tun da dama idona yana waje. Tun ina ajin ƙarshe nake cika wa mutane kunne da Yukiren, inda na ji 'yan Najeriya na karatun likita da sauƙi. A watan Fabrairun shekarar Rasha ta afka mata, zancen ya mutu.

Yayana da ke sayar da kayan waya a Kano shi ya farfaɗo da ni. Ya ce, "A waje ba ruwansu da JAMB. Ka ci Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik a WAEC? To shi ke nan, saura kuɗi." Ya haɗa ni da wani ejan mai ofis a saman bene, aka tsayar da Sudan. Baba bai yi gardama ba. A wurinsa Sudan hanyar alhazai ce, kakanni da ƙafa suka ratsa ta zuwa Makka, wasu ma suka yi zamansu can. Ga shi gwamnatocin Kano da Jigawa sun sha tura ɗalibai can karatun likita, musamman mata.

Baba ya ce a yi shiru sai abu ya tabbata. Inna ta yi shiru, mutum ɗaya kawai ta gaya wa, ita ce Gwaggo. Kafin Juma'a ta zagayo na zama Dokta. Yara na bina da shi, dagaci da kansa ya kira ni da shi a ƙofar masallaci. Sai marasa lafiya. Da asuba a yi sallama, in fito in tarar da dattijo riƙe da kwalin magani yana tambaya ko a sha kafin koko ko bayansa. Wata ta kawo min jariri in duba cibiya. Ni kuwa iyakar ilimina farasitamol da ruwan gishiri da sukari. Duk wanda ya zo sai in gyara murya in ce ya je wurin malamin asibiti, su kuma su fita suna yaba min, wai babban likita ba ya taɓa ƙaramin ciwo. Ƙwan zabi dai na ci shi a wannan lokacin har ya gundure ni.

Malamin asibitin ne kaɗai bai shiga sahu ba. Ya ce min, "Dokta, ko ka je ka dawo da kwali, sai ka zauna jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN ka ci kafin a ba ka lasisi. Sannan ka fara duba ko makarantar tana cikin kundin makarantun likitanci na duniya." A lokacin na ɗauka hassada ce ke cinsa. Shi kaɗai ne kuma bai taɓa kawo min ƙwai ba.

Wajen fasfo aka gano an haife ni sau uku. Takardar firamare ta ce 1 ga Janairu 2004, domin hedimastanmu, Allah ya ji ƙansa, duk ajinmu rana ɗaya ya haife mu. WAEC ta ce watan Maris na 2005, wanda mai shagon kwamfuta ya zaɓa mana. Katin NIN kuma ya ce 2003, don yaron da ya yi mana rajista ya ƙara min shekaru saboda tausayi, wai in samu buɗe asusun banki da wuri. Fasfo daga NIN yake ɗaukar bayani, makaranta kuma tana son fasfo ya yi daidai da WAEC.

Na dawo gida na tambayi masu abin. Inna ta ce, "Kana goye aka yi ƙidaya, kana goye kuma rana ta yi husufi har kaji suka shige akurki." Duka biyun a watan Maris na 2006 aka yi su. Baba ya ce shekarar tsadar hatsi ce, lokacin da mutanen Nijar suka yi ta kwararowa, wato 2005. Madalla, shekara ta fito. Rana fa? Inna ta ce Talata ce, ana girbin gero. Ka ga kuwa ba a girbin gero a watan Maris.

Na ce, "Baba, kotu za mu je ka yi rantsuwar shekaru, ka ce Maris ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni in rantse an haife ka da rani, alhali da damin gero a kaina aka zo min da albishir? Je ka nemi wani uban."

Kawu ne ya rantse. Shi dama yana cin rani a Legas lokacin da aka haife ni, ko suna bai zo ba, saboda haka ya ce zuciyarsa fes take, duk watan da aka ce shi ne. Aka biya kuɗin gyaran NIN, aka jira, fasfo ya fito. Aka yi min allurar shawara aka ba ni katin nan mai ruwan ɗorawa. Takardun makaranta suka tafi Abuja, ma'aikatar ilimi ta buga hatimi, ta harkokin waje ta buga nata, kowane hatimi ejan ya ɗora ladansa a kai.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, muna zaune a gindin darbejiya rediyo ta ce yaƙi ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojoji da dakarun RSF. Ba a jima ba muka ji ana kwashe ɗaliban Najeriya a motoci zuwa iyakar Masar. Majalisa ta yi tsit, sannan Kawu ya juyo.

"Dokta, Yukiren ka fara ambata ko?"

"Eh, Kawu."

"Sai Sudan."

"Eh."

"To don Allah ƙasa ta gaba ka faɗa mana da wuri, mu aika musu su shirya."

Liman, wanda ba ya cika raha, ya ɗago kai daga carbi ya ce duk inda zan nema in nema, amma in bar Saudiyya, ya biya kujerar hajji.

Ejan bai girgiza ba, su ba sa girgiza. Ya ce akwai wata jami'a mai zaman kanta a Jojiya, maƙwabciyar Rasha da Turkiyya, da Turanci ake koyarwa, dala 5,000 ce. Baba ya tambaya ko akwai masallaci, aka ce akwai. Sharaɗi ɗaya ne, za su yi min ganawa ta bidiyo.

A garinmu sabis mai ɗaukar bidiyo wuri ɗaya yake, kan tudun da tankin ruwa yake, bayan firamare. Na kai waya wurin mai caji tun dare. Malamin Turancinmu ya ara min kwat da lakataya, ƙasa kuwa wandon gona ne da silifa, tun da ejan ya ce iya ƙirji ake gani. Na jingina wayar a kan jarka, na zauna a turmi da aka kifa. Na roƙi kowa ya ba ni wuri. Suka ba ni wuri, suka koma bayana, daidai inda kyamara ke kallo.

Wata Baturiya mai tabarau ta bayyana. Ta gaishe ni, sannan ta tambaya ko duk waɗannan iyalina ne. Na waiga: dagaci a kujerarsa, Kawu, Gwaggo, 'yan ɗiban ruwa da kurarsu, yara sun hau katangar makaranta. Malamin Turanci ya naɗa kansa tafinta, duk abin da ta faɗa sai ya juya ya shelanta wa jama'a.

Ta tambayi dalilin da ya sa nake son likitanci. Wannan na haddace shi tsaf, na zubo. Ta tambaya zuciyar ɗan Adam ɗaki nawa gare ta. Na ce huɗu. Tafinta ya shelanta. Kawu ya buga cinya ya ce, "Allahu akbar! Shi ya sa aka halatta huɗu, kowacce da ɗakinta!" Aka kwashe da dariya, Baturiya ta tambayi me aka ce, na ce addu'a suke min.

Muna kan tambayar jini sai hoto ya daskare, bakinta a buɗe. Yara suka ce ta suma. Na ɗauki waya na ɗaga sama ina zagaya tanki, sabis ya dawo a daidai lokacin da kyamara ke kallon silifana. Kafin in gyara, Gwaggo ta kutso, ta ƙwace wayar, ta saita ta a gwiwarta da ta kumbura. "Gaya mata tun haihuwar autana take min haka, idan sanyi ya shigo ba na barci." Baturiyar ta cire tabarau ta duba da gaske, ta ce a kai ta asibiti. Gwaggo ta ce, "Kun ji ko? Irin maganar Dokta sak. Makarantarsu ɗaya."

Sun ɗauke ni. A ganina irin wannan ganawa abu biyu take aunawa, kana jin Turanci, kuma gidanku za a iya biya. Ganin dagaci da rawani a bayana ya amsa ta biyun.

Baba ya shiga haɗa kuɗi. A farashin gwamnati na lokacin dala tana naira 460 da 'yan kai, idan aka bi ta banki da Fom A, takardar neman dala don biyan kuɗin makaranta a waje, wato wajen naira miliyan 2.3. Ya fito da riɗin da ya ɓoye, ya jinginar da wata 'yar gona, Inna ta ba da awaki, Yaya ya kawo nasa. Ranar Alhamis ya kora ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu zuwa kasuwar Maigatari, ya dawo da igiya a hannu bai ce wa kowa komai ba. A tsakiyar watan Yuni Babban Banki ya saki naira, dala ta haura 700. Kuɗinmu na kwance a asusu suka rame kamar tunkiyar da ta kwana a bakin kura.

Takardar ɗauka ta iso bayan haka. Malamin Turanci ya karanta wa Baba a zaure, yana fassarawa layi-layi, har ya zo inda aka rubuta dala 5,000 a kowace shekara, tsawon shekara shida, ban da abinci da ɗaki da kuɗin jirgi.

Baba ya ce, "Maimaita."

Ya maimaita. Baba ya ɗauki kara ya fara zane a ƙasa. Ya ja layi shida, a ƙarƙashin kowane ya jera shanu, ya share, ya sake jerawa da sabon farashin dala, har zanen ya fita daga tabarma ya kai bakin ƙofa. Ya ce a kira masa Yaya a waya. "Kai da mutuminka kun ce min dubu biyar. A ina kuka ajiye 'kowace shekara'?" Yaya ya ce sabis ba kyau.

Aka fanshi gona, aka mayar wa Inna kuɗin awaki. Na ejan da na hatimi sun bi ruwa. Baba ya koma Maigatari neman sa, ya tarar an yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, an rufe iyaka, shanu sun daina shigowa kamar da. Abin da ya rage a hannunsa ɗan maraƙi ya saya. Kawu ya tare ni a hanya ya tambaya, tsakani da Allah, ko na taɓa tura takarduna Yamai.

Sa ɗaya ba ya huɗa, maraƙi kuma sai ya girma. Baba ya miƙo min garmar hannu ya ce tun da ni na cinye abokin aikin san, ni zan riƙe masa wurin. Ina cikin gonar gyaɗa, gumi har ido, ina bitar Kemistiri a kai saboda JAMB mai zuwa, wata tsohuwa daga ƙauyen gaba ta tsaya a bakin kunya.

"Dokta, ashe an dawo? Yaya mutanen Turai?"

Na ce suna gaishe ta. Ta ce tana amsawa, ta ajiye ƙullin ƙwan zabi a gindin kuka, ta fara kwance ɗaurin da ke ƙafarta.