Ruwan Tiga ya fi Bahar Maliya wuyar nutso

A garuruwan gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Masar, irin su Hurgada da Dahab da Marsa Alam, nutso sana'a ce da ke riƙe da gari. Da sassafe jiragen ruwa ke kwasar baƙi daga Jamus da Ingila da Italiya, kowa da tukunyar iskarsa, a je a nutse don kallon kifi da murjani, a dawo da la'asar. Daga nan nake wannan rubutu, ina kuma yi ne domin mutanenmu na Bebeji da Rano da Ƙaraye da Bagwai da Haɗeja. Magana ɗaya ce a bakina: ruwan da masuntanmu ke shiga da gajeren wando ya fi wannan teku haɗari nesa ba kusa ba, kuma abin da ya kamata mu fara ɗaukowa daga nan shi ne ƙa'idar aikin, kafin a zo maganar kaya.

Ga yadda ruwan nan yake. Mutum na iya hangen abu daga nisan mita 20 zuwa 30 a ƙarƙashin ruwa. Ɗuminsa ba ya cika sauka ƙasa da digiri 21 ko da hunturu, da bazara kuwa yakan kai 28 zuwa 30. Gishirinsa ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali sauran tekuna 35 ne, shi ya sa yake ɗaga mutum sama, sai an ƙara wa mai nutso dalma a ɗamara. Kifi ya haura kala dubu. A Abu Dabbab ana ganin manyan kunkurun teku suna kiwo a kan ciyawar ƙasan ruwa, wani lokaci har da wata dabba 'yar'uwar ayun da ake samu a kogin Binuwai. A kusa da Ras Muhammad, wanda aka mayar gandun gwamnati tun 1983, akwai jirgin Thistlegorm da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a 1941, yana kwance a zurfin kusan mita 30, babura da motocin da ya ɗauko suna nan a cikinsa har yau. Kyau kam akwai shi, tabarkalla.

Duk da wannan haske da ɗumi, ba a barin kowa ya goya tukunya sai ya yi horo. Mai takardar matakin farko ba ya wuce mita 18. Mai ta biyu mita 30. Mita 40 ita ce iyakar nutson shaƙatawa baki ɗaya. Ba a shiga ruwa sai mutum biyu-biyu, kuma kowa sai ya duba kayan ɗan'uwansa kafin su faɗa: tukunya a buɗe take, regileta, wato abin da ake sawa a baki a shaƙa, tana ba da iska, rigar da ake hura wa iska tana cika tana sacewa, ɗamarar dalma za ta kwance da hannu ɗaya.

Dalilin wannan tsauri lissafi ne, kuma ina so kowa ya fahimce shi domin shi ne ke kashe wanda bai sani ba. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Tukunyar da aka fi amfani da ita a nan mai lita 12 ce, ana cika ta zuwa ba 200 (ba shi ne ma'aunin matsin iska, ba ɗaya kusan nauyin iskar duniya guda ne), wato lita 2,400 na iska. Ana barin ba 50 a matsayin ajiya, saura lita 1,800. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti ɗaya a tudu zai sha 60 a mita 20, ke nan minti 30 kacal yake da shi, in kuma ya tsorata ko yana aikin ƙarfi, rabin haka. Sannan iskar da ya shaƙa a ƙasa a matse take. In ya cika huhu a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta ninka biyu a ƙirjinsa, huhu ya yage, kumfa ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Ko daga mita biyu hakan na faruwa. Sai kuma naitirojin, wani ɓangare na iskar da muke shaƙa, da ke narkewa cikin jini gwargwadon zurfi da daɗewa. Jadawalin da ake koyarwa ya ba da minti 56 a mita 18, minti 20 a mita 30. Wanda ya zarce, ko ya taso da gudu, abin da ke faruwa a jininsa shi ne abin da ke faruwa da kwalbar lemo in an girgiza ta an ɓalle murfi: ciwon gaɓoɓi, mutuwar ɓarin jiki, wani lokaci ajali. Saboda haka ake tasowa a hankali, kamar mita 9 ko 10 a minti, a tsaya minti uku a mita 5, kuma ba a hawa jirgin sama sai bayan awa 18 in an yi nutso fiye da ɗaya.

To, mu dawo gida. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, bangonsa ya kai tsayin mita 48, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Na Challawa da ke Ƙaraye, wanda aka gama a 1992, ya haura mita 40. Ga Watari a Bagwai, ga Bagauda, ga Warwade kusa da Dutse. Zurfin da ke kusa da bangon manyan ya isa ya jawo duk cututtukan da na lissafa. Amma ba zurfin ne babbar matsalar ba. Da damina ruwan jawur yake da laka, ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka, da ka taɓa ƙasa kuma taɓo ya tashi ya rufe ɗan hasken da ya rage. Ruwan sama yana da ɗumi, 'yan mitoci kaɗan ƙasa sai ka faɗa mai sanyi, kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Ƙasan dam ba fili ba ne: gonaki ne da itatuwa da kufan ƙauyukan da aka tasa. A jikin rassan nan tsofaffin kalli da taru da mamari suke maƙale, zaren roba ne da ba ya ruɓewa, ba a kuma ganinsa. A fadamar Haɗeja ga kacala da ta toshe hanyoyin ruwa, wadda in ƙafa ta shige saiwarta fitarwa sai da taimako.

Mafi muni shi ne bakin mafitar ruwa. Inda ake sakin ruwa zuwa magudanar da ke kai wa gonakin Kadawa da Kura, ko duk wani bututu da ruwa ke bi daga sama zuwa ƙasa, akwai tsotso. Daga sama ba a ganin alamarsa. Bututu mai faɗin santimita 30 kawai, a zurfin mita 5, yana riƙe abin da ya toshe bakinsa da ƙarfin da ya kai kilo 350. Babu gwanin da zai ɓamɓare kansa, kuma wanda ya bi shi don ceto zai iya mannewa tare da shi. Ba a nutso kusa da bangon dam sai ma'aikatan wurin sun rufe ƙofofin sun tabbatar da bakinsu.

Akwai wani abu da ko masu takarda kan manta. Jadawalin nutso an yi shi ne don gaɓar teku. Duk ruwan da ya haura mita 300 sama da teku yana da nasa lissafin, lokacin zama a ƙasa yana raguwa, kuma ƙasar Kano ta kusa mita 500. Wanda ya yi horo a Masar ko Legas ya zo Tiga da lissafinsa na can, ya yi kuskure tun kafin ya jiƙe. A nan Masar akwai ɗakunan matsin iska a Sharm el-Shek da Hurgada da ake saka wanda naitirojin ya kama. Duk mai shirin nutso mai zurfi a gida sai ya fara sanin inda irin wannan ɗaki mafi kusa yake da awa nawa za a yi kafin a isa, ya kuma tanadi tukunyar oksijin a bakin ruwa.

Ta fannin halittu ba mu da abin kallo irin na Bahar Maliya, tunda ba a ganin komai, amma muna da abin kiyayewa. Ƙayar kurungu da ta tarwaɗa suna huda hannun mai lalube. Minjirya tana jan mutum da lantarkin da ya kai ɗaruruwan bolt, ba ta cika kisa da kanta ba, amma firgitar da take sawa a ƙarƙashin ruwa ta isa mutum ya shaƙi ruwa. Sai tsargiya, wadda ƙananan dodon koɗi ke yaɗawa a ruwan da ba ya gudu da magudanan noman rani. Ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Duk mai yawan shiga ruwa ya riƙa zuwa gwajin fitsari, maganinta praziquantel ne.

Ba na raina masu nutsonmu, Allah Ya sani. Mutumin da zai ja numfashi ɗaya ya sauka cikin duhu ya lalubo gawa da hannu ya fi yawancin baƙin nan zuciya da sanin ruwa. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, da kwalekwale ya kife a Watari tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, Allah Ya jiƙansu, mutanen gari da masunta ne suka fara faɗawa ruwa. Haka abin yake kullum, domin su ne a kusa. Don haka duk wani tanadi a hannunsu ya kamata ya sauka, ta hannun sarkin ruwa da masu fito.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Ga masu nutso da numfashi ɗaya ba tukunya, kada mutum biyu su nutse lokaci guda: ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama yana ƙirga masa lokaci, kuma ya ci gaba da kallonsa rabin minti bayan ya fito, domin suman mai nutso yakan zo ne a mitocin ƙarshe ko bayan kai ya fito. A daina jan numfashi da sauri-sauri kafin a nutse. Wannan yana rage iskar da ke tunatar da jiki cewa lokacin shaƙa ya yi, ba ya ƙara oksijin, sai mutum ya suma ba tare da ya ji ƙuncin komai ba. Tsakanin nutso da nutso a huta aƙalla ninki biyu ko uku na lokacin da aka yi a ƙasa. A ɗaura dutse a igiya a sake shi daga kwalekwale, mai nutso ya bi ta ya sauka ya bi ta ya hau, a kuma yi yarjejeniya tun a sama kan ma'anar ja ɗaya da ta ja da yawa. Kowa ya ɗaura ƙaramar wuƙa ko almakashi a inda hannu biyu duk za su kai, saboda kalli. Kunne kuwa, a toshe hanci a hura a hankali tun daga mitar farko, in ya ƙi a koma sama kaɗan. Mai mura ya haƙura da nutso ranar.

Ina jin tsoron abu ɗaya ƙwarai, shi ne wani ya ɗauko injin mai faci ya haɗa masa tiyo ya ce zai shaƙa a ƙasa. Iskar wannan inji tana ɗauke da tiririn mai, tana kuma jawo hayaƙin injin kansa, wanda gubar da ke cikinsa ba ta da wari kuma illarta tana ƙaruwa da zurfi. In injin ya mutu, mai nutso zai taso da gudu da matsattsiyar iska a huhu. Haka ma tsohuwar tukunyar da aka sayo a gwanjo ba a san ranar gwajinta ba. Tukunya ana duba cikinta duk shekara, ana gwada ƙarfinta duk bayan 'yan shekaru, ranar kuma a buge take a wuyanta.

Ga wanda ke nutsewa a gabanka, jarkar lita 20 da babu komai a ciki, mai murfi a ɗaure, tana ɗaga kusan kilo 20, ninki biyu na rigar ruwa ta yau da kullum. A ɗaura mata igiya mita 15 ko 20 a ajiye a kowace mashaya da kowane kwalekwale, a jefa, kada a faɗa. In an fito da mutum ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna ciki ko juya shi ƙafa a sama. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a hura masa iska baki da baki sau biyar, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau biyu, da saurin danni 100 zuwa 120 a minti, a ci gaba har ya motsa ko a isa asibiti. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau, a kai shi, domin ruwan da ya taɓa huhu yakan tayar da matsala bayan awanni.

Sai magana mai nauyi ga iyayenmu masu unguwanni da dagatai. In an kwashe awanni ana nema, aikin ya tashi daga ceto ya koma neman gawa. Na san zafin iyalin da ke zaune a bakin ruwa suna jiran abin da za su yi wa sutura. Amma a wannan lokaci ne ake matsa wa masu nutso su sake komawa bayan sun gaji, ga sanyi, ga magariba ta kawo jiki, kuma a nan ake samun gawa ta biyu. Mai unguwa ko sarkin ruwa ya tsayar da nutso da faɗuwar rana, a koma jan ƙugiya daga kwalekwale layi-layi, a sa masu tsaro a gaɓa ta inda iska da ruwa suka nufa. A ruwa mai ɗumi irin namu gawa kan taso da kanta cikin kwana ɗaya zuwa uku, in ba ta maƙale a reshe ko raga ba, kuma wuraren da take maƙalewa masuntan yankin sun fi kowa saninsu, a fara tambayarsu.